Kwalin Ashanar Baba Sakata

Duk wanda ya taɓa bin layinmu ya san ƙofar ƙarfen nan shuɗiya, ko in ce wadda ta taɓa zama shuɗiya, ta tsohon kamfanin buhuna. A gefenta akwai ɗan ɗakin gadi wanda in mutum ya ware hannuwansa zai taɓa bango biyu lokaci guda. A ciki akwai benci, da tebur mai aljihu ɗaya, da buta, da ƙusa a bango inda ake rataye makullai. Akwai kuma Baba Sakata. Mu 'yan layin mukan lissafa shi cikin kayan ɗakin, shi ma bai taɓa musantawa ba.

Ba a banza sunan ya kama shi ba. Mutum ne da Allah Ya jarabta da son rufe abu. In ka miƙa masa gorar ruwa ya sha, zai dawo maka da ita a ɗaure, sai ka nemi filaya. Rediyonsa na cikin leda, ledar na cikin akwati, akwatin da kwaɗo. Mai Faci, wanda rumfarsa ta facin taya ke tsallaken titi daidai saitin ƙofar, yana rantsuwa cewa ko hamma Baba zai yi sai ya waiga hagu da dama kafin ya yarda ya buɗe baki.

Da ƙuruciyarsa ya zo kamfanin, ɗan dako, yana loda buhuna a manyan motoci. Wata rana tsohon mai gadi ya kwanta ciwo, aka ce ya riƙe ƙofa kafin a samo wani. Ba a samo ba, mai yiwuwa ma ba a nema ba. Manajan wancan zamani ya ba shi hula da usur, ya kuma ba shi doka guda ɗaya tak: mai gadi ba ya barin ƙofa sai wanda zai canje shi ya iso, ya karɓi makullai hannu da hannu, ya ce da bakinsa, "Na karɓe ka." Wasu in an ba su doka a aljihu suke sakawa. Baba haɗiye tasa ya yi, ya kora da ruwa.

Ranar da aka haifi ɗansa na fari yana bakin ƙofa. Ranar da gobara ta tashi a bayan gidansu yana bakin ƙofa, yana hangen hayaƙin. Ranar da jikin matarsa ya yi tsanani a asibiti, tun hantsi aka aiko masa, amma abokin canjinsa ya makara. Baba ya tsaya da takalmi a ƙafa, makullai a hannu, yana leƙen titi. Ko da ya isa an riga an ja mata mayafi. Wannan maganar ko Mai Faci, da bakinsa ba shi da birki, ba ya taɓa ta.

Daga baya kamfanin ya durƙushe. Injuna suka yi shiru, ma'aikata suka watse, abokin canjin ya koma sayar da takalma a kasuwa. Manajan ƙarshe ya fito rungume da fankar ofishinsa, ya damƙa wa Baba tarin makullan gaba ɗaya, ya ce, "Riƙe mana nan, Baba, ina zuwa." Lokacin Auta, 'yar Baba ta ƙarshe, tana makarantar sakandare. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, da miji da 'ya'ya. Manaja dai yana zuwa.

Tunda babu mai karɓarsa, Baba ya kwaso tabarmarsa ya tare a ɗakin gadin. Ba ya zuwa duk inda ba zai iya hango ƙofar ba. Mai aski nan yake zuwa ya same shi. Auta kan kawo masa abinci a kula in ta tashi daga aiki, ta zauna a bakin benci ta yi masa faɗan da likitoci ke yi wa marasa jin magana, shi kuma ya ce, "To, Auta," ya ci abincinsa. Mai Faci kan leƙo ya ce, "Tsoho, ba ni makullan nan mana ka je ka ga yadda gari ya koma. An yi sabuwar gada, ka sani?"

"Kai ma'aikacin kamfani ne?"

"Wane kamfani? Na ɓeraye?"

"Koma ka ci gaba da sayar wa mutane iska," in ji Baba. Nan zancen ke mutuwa, sai kuma gobe.

Filin da motoci ke juyawa a da ya zama ciyawa. Baba yana bin ta da lauje shekara da shekaru, har gwiwarsa ta dama ta shiga yajin aiki. Daga nan ciyawa ta ga ba mai tsawata mata, ta kai gwiwa, ta leƙo har gindin tagar ɗakin gadi. A wannan damina ce Baba ya samu baƙi, waɗanda suka shigo ba tare da sun buga ƙofa ba.

Wasu 'yan ƙananan malam-buɗe-littafi ne, amma ba irin masu kwalliyar nan da ke yawo a hankali kamar sun ci sun ƙoshi ba. Waɗannan ba su fi kan babban yatsa ba. Launin ƙasa ne da su, da ɗigo-ɗigon ruwan lemo a fiffike, jiki gajere mai kauri da gashi-gashi, ga ƙaton kai da manyan baƙaƙen idanu. Zare biyun da ke kansu kowanne ya lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya. Tashinsu ma ba tashi ba ne, tsalle ne: kana kallon ɗaya a kan wannan kara, ƙiftawa guda ya koma wancan, ba ka ga hanyar da ya bi ba. In ya sauka kuma sai ya shimfiɗa fukafukan baya ya ɗaga na gaba rabi da rabi. Mai Faci da aka kira shi ya gani cewa ya yi wannan malamin bai yanke shawara ba, ko karatun zai yi ko tashi.

Baba, da ba shi da wani aiki sai kallo, ya sa musu ido kamar yadda yake sa wa baƙuwar mota. Ya ga wata ta lanƙwasa ciki ta ajiye ƙwai guda a bayan ganyen ciyawa, fari, ɗan mitsitsi kamar kan fil, ta yi tsalle ta ajiye wani can gaba. Bayan 'yan kwanaki tsutsotsi suka fito. Kowacce korra ce shar, sumul ba gashi, da ƙaton baƙin kai a kan siririn wuya, kamar ɗan acaɓa da ya ari hular kwanon yayansa. Abin da ya kama zuciyar Baba shi ne abin da tsutsar ta fara yi a duniya. Ba ta yi yawo ba. Ganye guda ta zaɓa, ta jawo gefe da gefe, ta ɗinke su da wani farin zare da take fitarwa daga baki, ta yi ɗan dogon ɗaki daidai jikinta, ta shige.

"Ka gani ko?" ya ce wa Mai Faci, yana nuna masa da tsinke. "Wannan ta san aiki. Ɗaki daidai mutum. Ta leƙo ta ci ganyen da ke bakin ƙofarta, ta koma. Ba ta zuwa ganin gada."

"To ai ga 'yar'uwarka ka samu. Saura hula da usur."

"Kuma dubi tsabta. Kashinta ma ba ta bari a ɗaki, harba shi take yi can nesa."

"Wannan kam ta fi wasu da na sani," in ji Mai Faci, ya kauce kafin tsinken ya same shi.

Haka Baba ya yi makonni yana durƙusawa da gwiwa mai ciwo. In ɗaki ya yi wa tsutsar kaɗan sai ta ɗinka wani a ganyen da ya fi faɗi. Tsutsar da ya fi sa wa ido, wadda ke gindin taga, ta yi ƙiba, sannan ta daina ci. Ta toshe bakin ɗakin da zare. Da Baba ya ɗan buɗa ganyen da farce sai ya ga ba tsutsa kuma, sai wani ɗan kwanso siriri mai launin ganye, kwance shiru, an ɗaure shi da zare a tsakiya kamar kaya a bayan keke.

Ranar ce Auta ta zo ba ta zauna a benci ba, ta tsaya a bakin ƙofa da kular a hannu.

"Baba, an yi mana canjin wurin aiki, ni da baban yara. Gari ne mai nisa. Ƙarshen wata za mu tashi."

"Allah Ya sa alheri."

"Amin. Gidan akwai ɗakinka, a ƙasa, babu hawa bene. Da gado, da fanka."

"To, Auta."

"Ba 'to, Auta' nake so ba yau. Su Yaya duk ba sa gari. In na tafi wa zai kawo maka abinci? Wa zai duba gwiwar nan? Ranar da ka faɗi a cikin ɗakin nan ka kulle kanka ta ciki, sai dai a kira mai walda."

"Ina jin ki. Wa zan ba makullan?"

"Ka jefa su a rijiya!"

Baba ya dube ta kamar ta ce ya jefa jikansa. "Mutum ya ce min yana zuwa."

"Baba, mutumin nan ko yana da rai ba mu sani ba."

"To ai kin gani. Ba mu sani ba."

Ta dire kular ta fita tana share ido da gefen mayafi. Mai Faci ya tare ta a titi. "Likita, ki bi shi a hankali. Tsohuwar ƙusa ce, in kika fizge da ƙarfi da bangon za ta taho."

"Kawu, lokaci nake da shi?" ta ce. Ta wuce abinta.

Kashegari Baba ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Wani jan-kan ƙadangare ya shiga ciyawar yana bin naɗaɗɗun ganyaye ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai kamar mai duba aiki. Baba ya busa usur, karon farko cikin shekaru, ya jefe shi da takalmi. Ƙadangaren ya matsa kaɗan ya tsaya yana kallon tagar.

To me mai gadi zai yi in ya ga ɓarawo ya sa ido a kan kaya? Baba ya ɗauko reza ya yanko ganyen da kwanson ke ciki, ya rage tsawonsa sama da ƙasa. Ya zazzage ashanarsa a kan tebur, ya kwantar da ganyen a cikin kwalin, ya tura ya rufe. Ya zagaye kwalin da roba. Ya sa shi a aljihun tebur, ya murɗa makulli, ya rataye makullin a ƙusa cikin 'yan'uwansa. Sannan ya leƙa taga ya ce wa ƙadangaren, "Bismillah, shigo ka ɗauka."

Da farko yakan buɗe kowace safiya ya duba. Daga baya ya ga yawan buɗewa ma hatsari ne, ga tururuwa, ga iska. Ya bar shi a kulle, hankalinsa kwance.

Wata ya kusa ƙarewa. Auta ta zo da hantsi a ranar hutunta, da jaka babu komai a ciki, ta ce ko tufafinsa ne ya bari ta fara haɗawa. Suna cikin jan zancen da suka saba sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Baba. Ɓera ne a teburinka?"

Wani ɗan ƙaramin ƙaras-ƙaras ne ke fitowa daga aljihun. Baba ya miƙe har gwiwar ta yi ƙara. Ya gwada makullin sito, ya gwada na ofishin manaja, sai a na uku ya dace. Ya cire robar, ya tura kwalin a hankali.

Ta fito. Ga ƙaton kan, ga baƙaƙen idanun, ga 'yan ƙugiyoyin nan biyu suna motsi. Amma fukafukan a cukurkuɗe suke a bayanta, kamar hankicin da aka manta a aljihu aka wanke riga da shi. Ta tako kan tebur tana jan su.

"Yanzu za ta miƙe su," in ji Baba. "Barci ne bai sake ta ba."

Suka jira. Rana ta take, Auta ta tafi da jakarta yadda ta zo da ita, fukafukai ba su miƙe ba. Sun riga sun bushe a haka.

Da safe Baba ya je ya durƙusa a ciyawa, inda sauran naɗaɗɗun ganyayen da ƙadangare bai gano ba suke. Allah Ya sa ya dace da wata tana fitowa. Ita ma da fukafukai a cukurkuɗe ta fito, jiƙe sharkaf. Sai ta kama kara ta hau, ta samu inda babu abin da ya tokare ta, ta rataya. Baba na kallo fukafukan suka dinga saki suna faɗaɗa, kamar Mai Faci na ba su iska, har ɗigon ruwan lemon ya fito sarai. Ta ɗan sha rana. Ƙiftawa guda, babu ita.

Mai Faci ne ya tsallako ya taimaka masa ya miƙe, don gwiwar ta ƙi. Ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ya ga fuskar tsohon, ya mayar da bakin ya rufe.

"Wuri kawai take nema," in ji Baba. "Ɗan kara da za ta hau. Ƙadangaren nan bai taɓa ta ba, ka sani. Ni na taɓa ta."

Tun daga ranar ya koma jinya. Yakan jiƙa sukari a murfin kwalba ya ɗiga a yatsa, ita kuma ta warware wani dogon harshe da ke naɗe a ƙarƙashin kanta ta sha. In ta ƙoshi sai ta taka zuwa ƙarshen tebur ta ɓangaren taga, ta tsaya, ta karkaɗa abin da ke bayanta, ta juyo. Ta je ɗaya ƙarshen, ta juyo. Baba na zaune a benci yana bin ta da ido, daga wannan bango zuwa wancan. Abincin da Auta ta kawo ranar haka ya koma ba a taɓa ba.

Ranar tafiya motar kaya ta tsaya a layinmu da safe, katifu a sama, mijin Auta a gaba kusa da direba. Auta ta sauko ita kaɗai. Ba ta yi faɗa ba, faɗan ya ƙare mata. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin ta ce, "Baba, mun zo sallama. Ka yafe min."

Baba ya juya wajen tebur. Ya sa yatsa malam-buɗe-littafin ta hau, ya ɗingisa zuwa ciyawa ya ɗora ta a kan kara mafi tsawo. "Tashi dai ba za ki yi ba," ya ce mata, "amma kya ga sama." Ya dawo ya tsaya a bakin titi ya ƙwala kira.

"Kai, mai iska! Zo nan."

Mai Faci ya taho yana goge hannu da tsumma.

"Ni da aka ba ni ƙofar nan ɗan dako ne. Hula aka ba ni da usur, shi ke nan na zama mai gadi. Cire wannan ƙazamar hular taka."

Kan Mai Faci ba ƙarami ba ne. Hular kamfani ta zauna a samansa kamar murfin buta a kan tukunya. Muka taru muna dariya, direba na danna ham, amma Baba bai yarda an tsallake komai ba. Sai da ya zagaya da shi sito, da ofis, da ɗakin injin, da bayan gida, kowane kwaɗo ya ja shi ya nuna masa a kulle yake. Sannan suka dawo bakin ƙofa ya ɗora masa makullan a tafin hannu, bai saki ba.

"Faɗi."

"Me zan faɗa? To na karɓa, ranka ya daɗe, shugaban ƙofofin duniya."

"Ba haka ake faɗa ba. Kuma ba da dariya ba."

Mai Faci ya dubi Auta, ya dubi hannun tsohon a kan nasa. Ya gyara tsayuwa. "Na karɓe ka, Baba."

Baba ya saki. Ya juya da sauri ya dubi titi ta ɓangaren da ake bi a je asibiti, har ya ɗaga ƙafa kamar mai shirin gudu. Sannan ya sauke ta. Auta ta kama hannunsa ta kai shi mota. Akwatin rediyo kaɗai ya ɗauka, da kwalin ashana, bayan ya mayar da ashanar ciki.

Labari na zuwa mana daga can. Ɗakin na nan da gado da fanka, amma Baba ya sa an fitar masa da benci bakin ƙofar gida, nan yake wuni. Surukinsa in ya dawo aiki sai ya buga ya faɗi ko shi wane ne kafin a buɗe masa gidansa. Akwai ɗan fili a gefen katanga da Baba ya hana kowa nomewa. Kowace safiya kuma wayar Mai Faci sai ta yi ƙara.

"Manaja ya zo?"

"Bai zo ba, tsoho."

"Ciyawa fa?"

"Ta kai ƙugu."

"Bar ta. In ka ga ganye a naɗe kada ka taɓa."

Mai Faci kan kashe wayar ya yi tsaki ya ce tsufa bai yi ba. Amma mun lura ya juya bencinsa yana fuskantar ƙofar. Kwanan baya ƙaninsa ya zo takanas ya ce ya shirya su je ƙauye duba mahaifiyarsu, kwana biyu kawai. Mai Faci ya shafa aljihun da makullan ke ciki, ya dubi tsallaken titi.

"To ai," ya ce, "wa zan bar wa?"